Dutsen da Aka Maido daga Kankiya

Ranar da Sani ya zo mini da gutsattsarin duwatsu a cikin kwali, wai in taya shi zaɓen wanda za a shimfiɗa a kicin ɗin sabon gidansa, na san ba shawarata yake nema ba, girmamawa ce kawai irin ta ɗa ga uwa. Guda huɗu ne, an goge su sai ɗaukar ido suke yi: fari mai jijiyoyi, ja mai ɗige-ɗige, mai ruwan toka, da baƙi. Na ɗauki farin na ƙwanƙwasa shi da zobena a kusa da kunne, sannan na lasa. Matarsa Hadiza ta juya baya tana dariya a cikin gyale, a zatonta tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce ta kawo mini lemun tsami da man gyaɗa. Na ɗiga wa kowanne, muka tashi muka yi la'asar muka dawo. Farin nan da ransu ke so, lemun ya ci fuskarsa ya bar tabo dishi-dishi. Mai ruwan tokar ya sha mai ya yi duhu. Jan ya ɗan sha kaɗan. Baƙin kuwa na share shi da gefen zanena, ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Daga nan Hadiza ta daina dariya, ta matso ta tsuguna.

Yana tattara duwatsunsa ne ya ce zai sa a zuba siminti a tsakar gidanmu na Bauranya, a kuma kawar da tsohon falalen dutsen nan na gindin bango, tunda ba a niƙa a kansa, sai dai yara su yi ta tuntuɓe da shi. Ban tanka masa ba a ranar, don kun san halina, in na buɗe baki cikin fushi ba na iya rufe shi da wuri. Amma na ga lokaci ya yi da zan faɗi labarin dutsen nan da kaina. Na san abin da kuka ji a bakin dangi, wai ni na tona asirin mahaifina, na karɓe masa sana'a yana da rai. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye muku ba, sai dai ba a taɓa faɗa muku ita duka ba.

Mahaifina mai sarar dutsen niƙa ne. Jama'a na ce masa Nomau Mai Dutse, kuma Allah Ya sani yau ne farkon kama sunansa da na yi. Daga Kusada har Kankiya, uwar da za ta kai ɗiyarta ɗaki ba ta jin ta gama haɗa kaya sai da dutsensa, saboda abu guda: ba ya sa yashi a tuwo. Wanda bai taɓa tauna yashi a lomar tuwo ba, a gidan surukai, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Bayan sara, yana koɗa. Dutsen niƙa in ya daɗe yana aiki santsi yake yi, hatsi ya riƙa zamewa, sai a kira Baba ya bi fuskarsa da makoɗi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har ta koma da kaushi. Kaushin nan shi yake kira haƙora. A wurinsa dutse mai haƙora shi ne rayayye, mai santsi kuwa ya mutu.

A shekarar da nake ba ku labari, abubuwa uku suka haɗu a gidanmu. Na gama takabar mijina na fari na dawo gaban iyayena. Yayana, wanda ke bin Baba dutse, an ɗebe shi aikin haƙar kuza da Turawa suka ɗora wa garuruwa. Sai kuma idon Baba. Na hagu da ma tsinin dutse ya tsiyayar da shi tun ina goye, kowa ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne yanar ido ta rufe na daman, har ya zama haske da inuwa kaɗai yake rarrabewa. Daga ni sai Inna muka sani, kuma ya gargaɗe mu. Dalilinsa ba wasa ba ne. Mata na sayen dutsensa ne don sun yarda idonsa na ganin tsagar da ke ɓoye a ciki, ga kuma wani mai sara da ya taso a wajen Rimaye yana neman kasuwa. Ranar da aka ce Nomau ba ya gani, ranar sunansa ya faɗi, tukunyarmu kuma ta bi shi.

Haka na zama idonsa. Kullum da safe in ɗauki tulun ruwa da ƙwaryar fura in shige gaba, a ga kamar abinci nake kai masa, shi kuma yana bin ƙarar mundayena. In mun hango mutum sai in riga gaishe shi da ƙarfi, in kama sunansa, don Baba ya san da wa zai gaisa. In mun isa kan dutse sai ya buga guduma ya kasa kunne, ni kuma in faɗa masa abin da ke gabana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa kuke jin ana ce mini Uwani, shi kuma Uwata yake kirana.

"Uwata, mi kika gani?"

"Ja ne, Baba, ƙwayarsa manya-manya."

"Ɗan dawa ke nan. Bar shi. Kyawonshi na ido ne, ƙwayar na zuba. Shi ke ɓata sabon aure."

Shi ya raɗa wa duwatsun sunayensu, ban taɓa jin wani ya kira su haka ba. Ɗan dawa shi ne jan nan, na bakin ƙofa ne ko gindin randa. Ɗan gero mai ruwan toka ne, ƙwayarsa ƙanana a matse, shi ne sarkin niƙa, don yana riƙe haƙora shekara guda ba a koɗa ba. Akwai mai ƙyalli, wanda ke walƙiya a rana har yarinya ta so shi, amma ɓawo-ɓawo yake tashi kamar albasa. Akwai farar ƙanƙara, mai tauri, da ita ake makoɗi, amma in aka kuskura aka sa ta a murhu sai ta fashe ta watsa miya. Murhu na marmara ne, jar nan mai huji-huji, wadda ake farfasawa a yi daɓen ɗaki da makuba. Ni kuwa da ma Allah Ya yi ni da tambaya, tun ina yarinya Inna ke cewa bakina ba ya hutawa. Me ya sa wannan ke shan ruwa wancan ba ya sha? Me ya sa wani ke amsa guduma da ƙara, wani kuma ya yi ɓus? Me ya sa ake lasa? Baba ya ce harshe ya fi yatsa jin kaushi, kuma dutsen da ya kama harshe mai ƙishirwa ne, zai sha mai da ruwa. Wani lokaci ya amsa mini, wani lokaci ya ce in bar shi ya ji dutse.

Guda ɗaya ne ba ya son zancensa. Baƙi ne wuluk, ba ka ganin ƙwaya a jikinsa, jijiyarsa ta ratsa ta bakin rafinmu. Akwai wani falale nasa da mata ke wanki a kai, ya yi sumul. Ni ina son dutsen nan, don ko da rana tsaka in ka ɗora tafin hannu sai ka ji sanyi a ƙasan zafin, kuma ruwa ba ya shigarsa, tsayawa yake a kai yana birgima.

"Baba, wannan fa, me ake yi da shi?"

"Sanƙo? A wasa wuƙa, a buga wanki. Ya ci mini ƙarfe ya fi a ƙirga. Ki kwana uku kina yi mishi haƙora, mace ta yi niƙa bakwai ya koma sanƙonshi. Ba shi da amfani ga ɗan Adam."

Bayan an gama girbi sai ga ɗan aiken dagaci, wai ana neman mai dutse a Kankiya. Akwai wani bariki a can inda Turawa ke sauka in suna rangadi, kukun wurin ne ke son magana da Baba. Saƙon da ya biyo ta hannun dagaci ba a cewa sai an yi shawara. Ran kasuwa muka yi sammako, ina gaba da ɗan dutsen niƙa a kai, yana baya. Kukun sunansa Garba, Bazazzagi ne, gajere mai fara'a, kuma shi ne namiji na farko da na gani yana alfahari da girki. Ya shigar da mu ɗakin dahuwarsa, idona ya rasa inda zai tsaya. Ya nuna mana wani tebur da gara ta cinye ƙafafunsa, katakon sama kuma ya tsage. Ya ce a kai yake murza ƙullin alkama da man shanu, ƙullin na shiga tsagar ya yi tsami, matar Baturen da yake wa girki kuma tana da hanci. Ya gina ƙafafu na tubali, dutse yake so a ɗora, kamu biyu a tsawo, kamu ɗaya a faɗi.

"Amma Baba, mai santsi nake so," in ji shi. "Sumul, kamar tafin hannun jariri. Ba niƙa zan yi ba, murzawa zan yi."

Baba ya ce, "To, na ji."

Ni na san irin wannan "to" ɗin nasa. Ba mu ko fita gari ba ya fara. Wai mutumin kirki ne, amma bai san dutse ba. Wai wa ya taɓa sa dutse a wurin girki ba haƙora? Ƙullin zai riƙa gudu ne yana binsa. In ya kai masa matacce, gobe a ce Nomau ya sayar wa Bature dutsen da mata ke yarwa bayan gida. Zai yi masa haƙora ƙanana, masu laushi, irin waɗanda bai taɓa yi wa kowa ba, in ya gani zai gode. Na ce ko mu gwada Sanƙo, tunda santsi aka ce. Ya tsaya cak a kan hanya.

"Uwata, ido na ara wurinki, ban ari hankali ba."

Kuma kada in ɗora masa shi kaɗai, ni ma a raina na ɗan yarda da shi. Duk tasowata ban taɓa jin an yabi dutse don santsi ba.

Ni na zaɓo ɗan geron da ya fi kowanne, ba jijiya, ba tabo. Muka tara itace a kansa muka cinna wuta, da ya yi zafi muka kwara ruwa, ya ɓamɓaro falale guda kamar an yanka. Sati uku Baba yana kansa. Ba ya gani, amma yatsun hagunsa na tafe gaban makoɗi suna nuna masa hanya. Haƙoran suka fito jere reras, ba wanda ya fi wani, kamar saƙar tabarma. Wallahi har yau ban ga aikin dutse irin wannan ba. Wani Bafillace maƙwabcinmu ya ara mana takarkarinsa, aka ɗaure dutsen a gefe guda, buhun gero a ɗaya gefen, muka nufi Kankiya. Da yake ran kasuwa ce, mutane suka biyo mu har bayan bariki don su ga dutsen Bature.

Garba ya shafa, na ga fara'arsa ta ragu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya shiga ya ɗebo ƙulli, ya maka a kan dutsen, ya murza, ya ɗaga. Rabi ya taso, rabi ya maƙale a cikin haƙoran, fari fat a kowane rami. Ya ɗiga narkakken man shanu a gefe, dutsen ya shanye ya yi baƙin tabo.

"Baba, aikin nan ya yi kyau, amma ba nawa ba ne. Ta yaya zan wanke wannan? Bature na dawowa bayan kasuwa uku. In ba za a samu ba, ku faɗa mini in aika Rimaye."

Baba ya miƙa hannu ya lalubi ƙullin da ya maƙale, ya daɗe yana taɓawa. Wata tsohuwa a bayana ta ce wa 'yar'uwarta, ba da ƙarfi ba, amma na ji, na kuma san shi ma ya ji: "Yau dutsen Nomau aka maido." Muka ɗora kayanmu muka juyo. Kafin kwana biyu magana ta riga ta zaga Kusada, wata mata da ta sa a yi wa ɗiyarta dutse ta aiko cewa a dakata tukuna.

Baba ya jingine dutsen a gindin bango ya zauna kusa da shi, ba ya fita. Ni kuwa tambaya ta hana ni sakat. Ina niƙan tuwon rana a tsohon dutsen Inna, wanda ya yi santsi yana jiran koɗa, sai na tsaya na dubi abin da ke ƙarƙashin hannuna. Wa ya sa shi santsi? Mu. Kowace mace a ƙasar nan tun tana yarinya take goge dutse, ba ta sani ba, Baba kuma yana bin baya yana warware mata aiki. Ashe abin da kuku ke nema, mata ne gwanayensa. In aka sa yashi da ruwa a maimakon hatsi, aka niƙa a kan Sanƙo, me zai faru? Na ɗauko guntunsa da muke wasa wuƙa, na gwada a bayan ɗaki. Kafin la'asar wurin ya yi sumul har ina ganin inuwar yatsana.

Amma falale mai kamu biyu ba aikin hannu ɗaya ba ne a cikin sati uku. Sai an tara mata, su yini a tsakar gidanmu, kwana da kwanaki. Mata takwas kuwa ba za su yini da mutum a gida ɗaya su kasa gane ba ya gani ba. Na je na durƙusa na faɗa masa duka. Ya ce bai yarda ba. Ya ce gara a ce ya yi kuskure sau ɗaya da a ce makaho ne. Na ce ai in aikin ya tafi Rimaye, sunan ma ya tafi, da ido ko ba ido. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na koma wurin Inna, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ni ban ce ki yi ba," in ji ta. "Ban kuma ce ki bari ba. Gero dai na rumbu ba zai kai mu damina ba, wannan na sani."

Na yi. Wannan shi ne laifina, in laifi ne, kuma ban taɓa musunsa ba. Na roƙi Bafillacen nan ya jawo mini falalen wankin bakin rafi da takarkarinsa, bayan na sha faɗa da masu wanki, na yi musu alkawarin wani. Na bi gida-gida na gayyato mata kamar yadda ake gayyar daɓe. Suka zo suna dariya, wai Uwani za ta yi tuwon yashi. Muka fara da yashi mai gauri, bibbiyu suna durƙusawa, in sun gaji wasu su karɓa, ana waƙar niƙa kamar gaske. Ran farko muka yi ɓarna, don hannu ya saba gaba da baya, sai tsakiya ta fara rami irin na dutsen niƙa. Na zuba ruwa na ga ya taru wuri guda, na ce a riƙa zagayawa da hannu kamar ana dama fura. Daga yashin rafi muka koma mai laushi wanda muka tankaɗe, daga nan toka.

A rana ta uku abin da Baba ke tsoro ya faru. Wata goggonmu ta miƙa masa ƙwaryar ruwa ba ta yi magana ba, ya kai hannu gefe guda, ya kama iska. Waƙa ta tsaya. Na san kafin magariba kowane gida ya ji. Daga ranar ya daina ce mini Uwata. In ya zama dole sai ya ce "ke". Kwana goma sha ɗaya, na ƙirga su, kuma sun fi mini kwanakin takaba ɗaci. A cikinsu ne wani tela na Kusada da ke nemana ya janye, danginsa suka ce ba su son macen da ke fasa dutse ta kuma fi ƙarfin ubanta. Na so mutumin nan, ba zan yi muku ƙarya ba don mahaifin Sani ya zo daga baya. Na yi kukana a bayan rumbu, na share hawaye na koma kan yashi. Hannuwana suka farfashe, ga su nan har yau ba su koma na mata ba.

Ran na goma sha biyu da hantsi, mata ba su iso ba, ina zuba ruwa ina duba inda zai tsaya. A idona dutsen ya yi daidai. Sai na ji takunsa a bayana. Ya tsuguna, ya ɗora tafin hannu, ya bi shi a hankali daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo, ya sake. Ya daɗe ƙwarai.

"Uwata, nan akwai tudu. Ruwa bai gaya miki ba, don kaɗan ne. Miƙo mini yashin."

Tudu uku ya gano waɗanda idanunmu goma sha takwas ba su gani ba. Shi ya daidaita gefunan da guduma da ƙarfe, yana ta mita wai Sanƙo zai ƙarasa masa kayan aiki. Yana yi yana tambayata, shi da ke cewa tambayata ta yi yawa: da wane yashi kuka fara? Tokar mene ce? In aka bi da man kaɗanya fa? Muka bi da man, dutsen ya yi baƙi yana sheƙi, har Inna ta leƙa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki.

Muka kai shi ana gobe Bature zai dawo. Mutane sun fi na wancan karon yawa, don yanzu labari biyu suka zo gani. Garba ya maka ƙulli, ya murza, ya ɗaga, ya taso gaba ɗaya bai bar ko ɗigo ba. Ya zuba man shanu ya share da tsumma, ba tabo. Ya ɗora kuncinsa a kai ya ce sanyin nan shi yake nema tun da ya fara aiki. Sannan ya juya ya tambayi Baba yadda ya yi. Na san kowa na jiran ya ji abin da zai ce. Baba ya dafa sandarsa, wadda ranar ce farkon fitarsa da ita, ya juya wajen da yake jin hayaniyar mata.

"Ba ni na yi ba. Ni wanda na yi shi ne kuka ga an maido. Wanga na ɗiyata ne da matan Bauranya. Kuma ku ji da bakina, kada ku ji a bakin rijiya: idona ya tafi tun kafin damina. Duk dutsen da kuka saya tun lokacin, ita ta gani, ni na saurara. Wadda ta tauna yashi a tuwonta ta maido mini, ina nan."

Tsohuwar nan ta wancan karon ce ta fara magana, ta ce nata dai tun kafin azumi ta saya, kuma ko jiya ta yi niƙa. Ba wadda ta maido. Ba zan ce muku kasuwa ta dawo yadda take ba, wasu sun tafi Rimaye ba su dawo ba, wasu kuma har suka mutu ba su yarda mace ta zaɓa musu dutse ba. Amma mun kai damina, mun kuma kai wadda ta biyo ta. Shekara tara muka yi a haka, ina gani yana saurare, har Allah Ya karɓi abinsa. Yayana da ya dawo daga kuza ƙirjinsa bai ƙara ɗaukar ƙurar dutse ba, shi ya sa sana'ar ta zauna a hannuna, ba ƙwace ba.

Wanda aka maido ɗin kuwa, sau biyu ana taya shi Baba ya hana. Na taɓa cewa mu goge shi mu sayar, tunda yanzu mun iya. Ya ce kada in kuskura. A kansa yake zama da hantsi, yana shafa haƙoran da yatsa, wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai ya ce bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, bai kuma taɓa yin wauta kamarta ba.

To Sani, kicin ɗinka ka sa baƙin, na gaya maka dalili, Hadiza ma ta gani da idonta. Siminti kuma ka zuba, ban hana ba, amma a zagaye dutsen. In ka je, kafin magina su fara, ka tsuguna ka ɗora tafin hannunka a kai. Haƙoran suna nan, ba a taɓa niƙa ko ƙwaya ɗaya a kansu ba. Kakanka ne ya sara su ɗaya bayan ɗaya, sati uku, kuma bai ga ko guda ba.